Mangwarona ya ƙi yin fure bana, ko ruwa ne ya yi masa yawa?

Baban Hanifa (Bunkure):
Assalamu alaikum 'yan uwa masu lambu. Don Allah ina neman shawara, abin ya tsaya min a rai. Ina da mangwaro mai aure, wato wanda aka ɗaura wa reshen wani iri, guda 14 a gonata, shekararsu shida da dasawa. Iri uku ne: Binta Suga takwas, Juli huɗu, Fita biyu. Bara sun ɗan yi 'ya'ya, ba yawa, amma dai mun sha, mun aika wa maƙwabta. Ganin haka sai na tattara ɗan abin da ke hannuna na haƙa burtsatse na sa sola, don a tunanina ƙishirwa ce take hana su yi sosai. Tun da ruwan sama ya ɗauke a farkon Oktoba yaron gona yake ba su ruwa kwana bibbiyu, ba fashi. A Nuwamba kuma na zuba musu takin zamani na yuriya. Yau ga shi muna tsakiyar Janairu, bishiyoyin sun yi shar, ganye sai sheƙi yake, sabon toho ja-ja a kan kowane reshe, amma fure ko na magani babu. Maƙwabcina yana da wata tsohuwar bishiya a kan iyakarmu, ba mai ba ta ko moɗa ɗaya ta ruwa, yanzu haka fure ya rufe ta ruf, ƙudaje da zuma sai shawagi suke a kanta. Ina na yi kuskure?

Alhajin Kadawa:
Wa alaikumus salam. Malam, ka shagwaɓa su ne. Mangwaro idan bai ji wuya ba, ba ya haihuwa. Haka muka taso muka tarar iyayenmu suna faɗa, kuma haka muka gani. Da kaka ta yi sai a ɗauke masa ruwa gaba ɗaya, a bar shi da hunturu, sai fure ya fito sannan a waiwaye shi.

Maman Khalil (Kaduna):
Ikon Allah. Kamar kun san abin da ke damuna. Tawa guda ɗaya ce a tsakar gida, kusa da inda muke wanke-wanke. Ruwan wanki da na alwala duk a gindinta yake ƙarewa, rani da damina. Ta kai shekara tara, ta yi inuwa har ta haura katanga, amma abin da muke samu a shekara bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Kuma na lura ɗan furen da take yi a ɓangaren da ya leƙa waje yake fitowa, can nesa da rariya.

Malamin Gona (Zariya):
Baban Hanifa, sannu da ƙoƙari, kuma kada ka ɗauka kuɗin burtsatsen ya tafi a banza. Zai yi maka amfani ƙwarai, lokacin da kake ba da ruwan ne kawai ya saɓa.

Ka duba kan reshen mangwaro. A nan ƙarshensa akwai ido guda, kuma idon nan abu biyu zai iya zama: ko ya fito da sabon ganye, ko ya fito da zangarniyar fure. Abin da yake raba gardamar shi ne shekarun reshen da kuma yanayin da idon ya farka a ciki. Reshen da zai yi fure sai ya huta, ganyensa ya ƙosa ya yi duhu ya yi tauri, idan ka murza shi ka ji yana ƙaras-ƙaras. A ƙasa mai zafi irin tamu wannan hutun yana cin wata huɗu zuwa biyar. Tohon da ya fito a Agusta ko farkon Satumba, idan aka bar shi ya zauna, zuwa Disamba ko Janairu ya isa. Sai sanyin hunturu ya sauko, dare ya koma wajen digiri 15 ko ƙasa da haka, idon da ya farka a wannan sanyin sai ya zama fure.

Kai kuma abin da ya faru, a daidai lokacin da ya kamata rassan su yi barci sai ka tashe su da ruwa, ka ƙara musu da yuriya, wadda aikinta ganye ne. Suka yi toho a Nuwamba, wataƙila suka sake a Disamba. Da sanyi ya zo sai ya tarar da jariran rassa, babu wanda ya isa haihuwa. Bishiyar maƙwabcinka ba wanda ya tashe ta, sanyi ya same ta a shirye.

Baban Hanifa (Bunkure):
Allahu akbar. Wallahi Malam kamar kana wurin. Sau biyu suka yi tohon, na biyun ne har yanzu bai gama rikiɗewa kore ba. To yanzu idan na tsayar da ruwan yau, akwai sauran fata bana?

Malamin Gona (Zariya):
Ka tsayar. Ka zagaya bishiya-bishiya ka nemi rassan da ba su yi sabon toho ba, masu tsohon ganye. Waɗannan za su iya fitar da fure kafin sanyi ya wuce a Fabrairu. Amma ba zan ɓoye maka ba, yawancin na bana ya tafi. Idan ba ka ga fure ba har zafi ya shigo, ka koma ba su ruwa jefi-jefi don kada bazara ta galabaitar da su, ka sa ido kan baɗi.

Sarkin Lambu (Kura):
Ni fa ina da ja a kan maganar nan, da neman afuwar Alhaji da Malam. Ku zo ku ga mangwaron da ke bakin hanyoyin ruwan da ke zuwa daga madatsar ruwa ta Tiga. Saiwarsu a cikin danshi take shekara zagaye, ba wanda ya taɓa ɗauke musu ruwa, kuma duk shekara muna ganin su da fure. Ni kaina ina noman tumatir da albasa a tsakanin bishiyoyina tun daga Nuwamba, ban ruwa ba ya tsayawa, kuma ina kai mangwaro kasuwar 'Yan Lemo. Idan ƙishirwa ce ke sa fure, waɗannan daga ina nasu yake zuwa? Ni a ganina hunturu ne kawai. Shekarar da sanyi ya yi ƙarfi mangwaro ya yi, shekarar da bai yi ba sai haƙuri.

Alhajin Kadawa:
Sarki, naka shekararsu nawa?

Sarkin Lambu (Kura):
Mahaifina ne ya dasa su, Allah ya jiƙansa. Sun haura talatin.

Alhajin Kadawa:
Amin. To ka gani. Kana haɗa dattijo da matashi. Tsohuwar bishiya ko ka kwantar da ita a kogi ba ta rawar kan toho kamar 'yar shekara shida. Kuma ka faɗi gaskiya tsakaninka da Allah, na cikin tumatir ɗin da na can bakin jigawa da ba ka shuka komai a ƙarƙashinsu, wanne ya fi cika kwando?

Sarkin Lambu (Kura):
Na bakin jigawa sun fi yawan fure, wannan ba zan musa ba, kuma suna riga fitarwa da kamar mako biyu. Amma na cikin lambun sun fi riƙe 'ya'ya, kuma 'ya'yan sun fi girma. Na jigawar da zafin Maris ya kama sai ka ga ƙasa ta cika da ƙananan da suka zube.

Malamin Gona (Zariya):
Madalla da wannan bayani na Sarkin Lambu, don ya kawo rabin maganar da ba mu taɓo ba. Kuma yana da gaskiya a kan sanyi. Sanyin ne yake juya ido ya zama fure. Aikin ƙishirwa shi ne ta riƙe bishiya kada ta yi toho, har rassa su ƙosa sanyi ya same su. Shi ya sa a inda sanyi yake da ƙarfi, ko a tsohuwar bishiya wadda da ma ba ta yawan toho, za ka ga fure ko da akwai danshi. Inda abin yake ɓaci shi ne matashiyar bishiya mai ƙarfin jini, a ba ta ruwa, a ba ta takin ganye, kamar na Baban Hanifa.

Zubar da Sarki ya gani a jigawa kuwa, nan ne ruwa yake da rana. Zangarniya ɗaya tana ɗauke da furanni ɗaruruwa, wata ma dubbai, mafi yawansu maza ne da ba za su zama ɗa ba. Cikin waɗanda suka ƙulla ma bishiya da kanta take zubar da mafi yawa, a ƙarshe a bar ɗaya ko biyu ko uku a zangarniya. Wannan zubar halitta ce, ba mai hana ta. Amma idan ƙishirwa ta haɗu da iskar bazara a makonnin farko bayan ƙullawa, lokacin da ɗan yake kamar ƙwayar wake zuwa kamar goro, har wanda ya kamata ya tsaya sai ya faɗi. Kuma a waɗannan makonnin ne ake yanke girman da mangwaron zai yi. Wanda ya ji ƙishirwa a lokacin, ko ka yi masa ambaliya daga baya ba zai kamo ba.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, ina gaida manya. Mu nan garkarmu bakin gulbi take, amma ƙasar rairayi ce, ruwa ba ya zama. In mun ka ce mu bar icce wata ukku cur babu ruwa kamar yadda Alhaji ya ce, ganye kan fara naɗewa, baki ya ƙone, hure in ya fito ma gajere ne, iska na bugawa ya kakkaɓe. Abin da muka yi shi ne mu rage, ba mu yanke duka ba. Daga Oktoba sai mu ba shi sau guda cikin mako ukku, kaɗan, don dai ya riƙe rai. Da mun ga kan reshe ya kumbura ya fara tsagewa, hure ya leƙo, sai mu dawo da ruwa sannu-sannu. Ba mu jiran sai ya ƙulla ɗiya.

Alhajin Kadawa:
Ƙasa ta bambanta, ɗan'uwa, wannan gaskiya ne. Tamu tana da laka a ƙasa, tana riƙe ruwan damina har Disamba. Amma ni dai ba na sa ruwa fure yana buɗe. Na taɓa yi, ya zube.

Malamin Gona (Zariya):
Alhaji, ina jin abin da ya zubar muku da shi yawan ruwan ne a lokaci ɗaya, bayan bishiya ta daɗe a bushe, ko kuma ruwan ya taɓa furen. Fure ba ya son jiƙa, yana kawo baƙin tabo da ruɓa. Amma ɗan ruwa a ƙasa bayan zangarniya ta fito ba ya mai da ita ganye, an riga an wuce wurin. A ƙasa mai laka irin taku za a iya jira sai ya ƙulla, a rairayi irin na Maraɗi jiran asara ne. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya tona da fartanya kamar taƙi ɗaya zuwa biyu a ƙarƙashin inuwar, ya damƙi ƙasar. Idan ta dunƙule a hannu akwai sauran danshi, idan ta wargaje a ba da ruwa.

Maman Khalil (Kaduna):
Malam ni kuma fa? Ba ni da wani wurin da zan kai ruwan wanke-wanken.

Malamin Gona (Zariya):
Hajiya, ki sa a karkatar da rariyar ko da da guntun fayif ne, ta fita waje ko ta tafi gindin ayaba idan kina da ita, ita ayaba ba ta ƙin ruwa. Daga ƙarshen damina har fure ya fito kada ruwan ya je gindin mangwaron. Sannan ki duba bakin ganyen, idan kin ga ya bushe ya yi ruwan ƙasa kamar an ƙona da wuta, sabulu da garin wanki ne suke tara gishiri a ƙasar, mangwaro kuwa ba ya jure gishiri. Ruwan alwala ba laifi bayan ya ƙulla 'ya'ya, na wanki dai a raba shi da shi.

Abu Sumayya (Gombe):
Tunda ana maganar danshi, bari in shigo da tawa. Ni ba ni da burtsatse, da kura nake sayen ruwa, jarka-jarka. Abin da ya cece ni shi ne lulluɓe gindin bishiya. Ina zuba ɓawon gyaɗa da ɓuntun shinkafa da busasshiyar ciyawa, kaurin yatsu huɗu zuwa taƙi, tun daga kusa da gindi har inda inuwar rassa ta tsaya. A watan Afrilu, da tsakar rana, ƙasar da ke fili ba ka iya taka ta ba takalmi. Amma ka tura hannu ƙarƙashin shimfiɗar nan, za ka ji sanyi da laima, har ka ga 'yan fararen saiwoyi sirara kamar zare sun taso suna bin ƙasan ɓawon. Da sai in ba da ruwa bayan kwana huɗu, yanzu ina kai kwana takwas ko tara. Zubar 'ya'ya ma ta ragu sosai, ciyawa kuma ba ta fitowa. Ina mamakin yadda mutanenmu suke share gindin mangwaro tas su ƙone ganyen da ya zubo, alhali abincinsa ne.

Sarkin Lambu (Kura):
Gara fa? Mu abin da ya sa muke sharewa ke nan. Ka tara kara a gindin itace a nan, kwana goma ka dawo ka tarar ta yi gini har ta fara hawa jikinsa.

Baban Hanifa (Bunkure):
Nima tambayar da zan yi ke nan. Akwai kuma wata: idan shimfiɗar tana riƙe danshi, ashe ba za ta ɓata ƙishirwar da ake so bishiya ta ji kafin fure ba?

Ɗan Maraɗi:
Maganar gara, ku bari in hwaɗi abin da mun ka gani. A jihar Tawa, wajen Illela, manoma na gina tassa, ƙananan ramu cikin ƙasar da ta mutu ta yi tauri, su zuba taki da yayi a ciki. Gara ce ka zuwa ta ci yayin, ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar shiga. Da haka an ka raya fako mai yawa. Gara busasshen abu take nema. In ta samu a shimfiɗa, shi za ta ci. Inda take kama icce shi ne in ya galabaita da ƙishirwa, ko ƙaramin dashe, ko an jingina masa kara a jiki. Mu muna barin kamu guda tsakanin shimfiɗa da jikin iccen, mu barbaɗa toka a wurin, mu gauraya ganyen bedi, wato darbejiya, cikin ciyawar. Ban ce ba ta zuwa ba, tana zuwa, sai ka riƙa ƙara shimfiɗa don tana cinyewa.

Abu Sumayya (Gombe):
Haka ne, wannan tazarar ita ce sirrin. Shekarar farko ban sani ba na tula ɓuntu har ya rufe wuyan wata ƙaramar Juli, wurin auren ma ya nutse a ciki. Bayan damina na yaye na tarar ɓawon wurin ya yi laushi ya yi baƙi yana fitar da ƙaro. Ba ta tashi ba. Tun daga nan nake barin wuyan a buɗe, iska tana dukansa. Kara kuma na daina sawa sai na sassara shi ƙanana, shi ne ya fi kiran gara.

Malamin Gona (Zariya):
Tambayar Baban Hanifa ta biyu tana da nauyi, kuma amsarta ma ga ƙasa take komawa. A fadama ko ƙasa mai laka, inda ruwan damina yake daɗewa, shimfiɗa mai kauri a Oktoba za ta iya jinkirta bushewa, bishiya ta sami abin yin toho a Nuwamba. A irin wannan wurin a janye ta gefe da manjagara da zarar ruwa ya ɗauke, a bar rana ta daki ƙasar, sai fure ya fito a yi ban ruwan farko sannan a mayar da ita a kan danshin. A jigawa kuwa a bar ta shekara zagaye, don rairayi ko da shimfiɗa zai bushe cikin 'yan makonni.

Abu ɗaya da za a kiyaye: kada a haɗa shimfiɗar kaka da kashin kaji ko ɗanyen kashin shanu. Wannan tamkar yuriya ce. Taki mai sa ganye lokacinsa bayan an gama tsinke 'ya'ya ne, farkon damina, don bishiya ta yi tohon da zai haihu baɗi.

Inda ake zuba ruwan ma mutane da yawa suna kuskure. Babbar saiwar mangwaro tana nutsawa ƙasa sosai, amma masu shan ruwa da abinci ƙanana ne, suna sama-sama, kuma sun fi yawa wajen bakin inuwa, inda ruwan sama yake ɗigowa daga ganye. Wanda ya sa tiyo a jikin gindin babbar bishiya ya jiƙa inda ba a sha. A yi kwari a zagaye kamar zobe, daga tsakiyar inuwa zuwa bakinta, a cika shi ya nutse sosai, a bar shi kwanaki. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum.

Alhajin Kadawa:
Ku ƙara da wuta. Shekara huɗu da suka wuce wasu yara masu farautar gafiya suka cinna wa ciyawar bakin gonata wuta a watan Janairu, iskar hunturu ta kwaso ta. Bishiya uku da na tara wa tattakar shinkafa a gindi, wutar ta zauna a nan tana ci har dare. Biyu sun mutu, ɗaya ta farfaɗo ta gefe guda, har yau rabin jikinta a ƙone yake. Suna cike da fure a ranar. Duk wanda zai yi shimfiɗa da rani ya share taku uku ko huɗu a kewayen gonarsa tukuna.

Maman Khalil (Kaduna):
Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri, Baba.

Abu Sumayya (Gombe):
Amin. Akwai kuma 'ya'yan da suke faɗowa cikin ciyawar. Idan an bar su, tsutsar ƙudan mangwaro tana fita daga ciki ta shiga ƙasa, ta rikiɗe ta fito ƙuda ta sake harbin na sama. Ni duk bayan kwana biyu yara suna tsince su, mu ɗaure a baƙar leda mu ajiye a rana.

Ɗan Autan Lambu (Funtuwa):
Ina gaida iyayena. Ni sabo ne, bana na dasa guda goma masu aure, kuma biyu har sun fitar da fure suna iya gwiwa. Nima in ɗauke musu ruwan ne? Sannan na ji ana cewa akwai maganin da ake fesawa mangwaro ya yi fure dole, gaskiya ne?

Alhajin Kadawa:
A'a yaro, kada ka soma. Duk maganar nan ta bishiyar da ta isa haihuwa ce. Dashe ruwa yake so, sau biyu ko uku a mako da rani, har ya shekara biyu ko uku. Furen nan kuma ka tsinke shi. Na san da ciwo, amma idan ka bar shi ya riƙe ɗa yanzu zai tsumbure. Reshen da aka ɗaura masa daga babbar bishiya aka yanko, shi ya sa yake ganin kansa babba.

Malamin Gona (Zariya):
Maganin gaskiya ne akwai. A ƙasar Filifin manoma sun daɗe suna tura hayaƙi cikin bishiya kwana da kwanaki don ta yi fure, sai a shekarun 1970 wani masani mai suna Ramon Barba ya gano cewa fesa fotashiyam naitiret yana yin wannan aikin, abin da ya sauya noman mangwaron ƙasar. Akwai kuma wanda ake zubawa a ƙasa watanni kafin lokacin fure, ana sayar da shi da suna Cultar, yana danne toho. Amma na feshin ba ya aiki a kan ɗanyen reshe, sai wanda ya ƙosa, kuma ba kowane iri ne yake amsawa ba. Na ƙasan kuma idan ya yi yawa yana takure bishiya, yana daɗewa a ƙasa. Mu da Allah ya ba mu rani mai tsawo da hunturu, mu fara gyara lokacin ruwa tukuna. Wani abin da zan roƙa, kada a fesa maganin ƙwari fure yana buɗe, ƙudajen da kuke gani a kai su ne suke haɗa barbarar.

Sarkin Lambu (Kura):
To mu masu tumatir a ƙarƙashi fa, Malam? Ba zan bar tumatir saboda mangwaro ba, shi yake riƙe gida da rani.

Malamin Gona (Zariya):
Ba wanda zai ce ka bari, Sarki. Ka ja fangalinka baya daga inuwar bishiya da taku biyu ko uku, da ma tumatir ba ya son inuwa. Ka yi ɗan tudu ya tare ruwan kada ya gangara gindin, takin ma kada a watsa shi can. Da fure ya ƙulla sai ka fasa tudun ruwa ya shiga. Ka gwada a bishiya biyar ka bar sauran yadda ka saba, mu ji sakamako.

Sarkin Lambu (Kura):
Zan gwada a layin gabas. Amma ina nan a kan bakana, in hunturu bai yi ba duk dabarar nan ba za ta kawo fure ba.

Baban Hanifa (Bunkure):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira yaron na ce ya rufe famfon ɓangaren mangwaro. Abu na ƙarshe, idan Allah ya kai mu suka ƙulla, har yaushe zan ci gaba da ruwan?

Abu Sumayya (Gombe):
Har su gama girma, kafaɗar mangwaron ta cika ta taso kusa da inda yake maƙale da reshe. Ni ina tsayawa kamar mako biyu zuwa uku kafin tsinka. Idan ka ci gaba har ranar tsinka yana yin lami, kuma ba ya jure hanya. Kada kuma ka bar shi ya bushe ƙayau sannan ka kwarara masa, wasu suna tsagewa a kan bishiya.

Baban Hanifa (Bunkure):
Assalamu alaikum. Na dawo kan tsohuwar maganar nan bayan kusan shekara, don waɗanda suka ba ni shawara suna da haƙƙin su ji. Bara kamar yadda Malam ya faɗa, bishiya uku ne kawai suka ɗan yi fure a ƙarshen Fabrairu, abin da muka samu bai cika kwando biyu ba. Da damina ta faɗi na rage rassan ciki na zuba takin gargajiya. Ruwa ya ɗauke, ban sa ko ɗigo ba, ban zuba yuriya ba. Ƙasata ja ce mai ɗan laka, don haka na janye ciyawar gefe. A Disamba ganyen ya yi duhu ya ɗan sunkuya, ƙura ta hau shi, har yaron gona ya kira ni yana cewa za su mutu. Na daure. Yau da safe na zagaya na ƙirga, 11 cikin 14 sun fitar da fure. Julin huɗu duk sun rufe, Binta Suga bakwai. Fita biyun da Binta Suga ɗaya da ke kusa da tankin ruwa ba su yi ba, kuma na gano tankin yana yoyo ta ƙasa, wurin a jiƙe yake. Yanzu zangarniyar ta kai tsawon yatsa a wasu, a wasu ta fara buɗewa. In fara ruwan ne ko in jira?

Alhajin Kadawa:
Masha Allah, barka. Ni dai in nawa ne sai na ga ɗa kamar wake.

Ɗan Maraɗi:
Barka da arziki. Ka tona ka gani kamar yadda Malam ya ce, ƙasar ce za ta gaya maka.

Malamin Gona (Zariya):
Alhamdu lillahi, na ji daɗin wannan labari. Ka tona taƙi biyu a bakin inuwar Juli, su ne ƙanana, su za su riga jin ƙishirwa. Idan ƙasar ta wargaje a hannunka ka ba su rabin abin da ka saba, da yamma, a cikin zoben, sannan ka mayar da ciyawar a kan danshin ka bar wuyan a buɗe. Bayan kwana goma ka ƙara. Idan sun ƙulla sai ka koma cikakken ruwa duk mako. Tankin kuma a toshe shi yau, Fita yakan makara, wataƙila su biyun su biyo baya kafin sanyi ya ɗaga.

Sarkin Lambu (Kura):
Barka Baban Hanifa. Nawa na layin gabas ma sun riga sauran fitarwa, zan ɗauko hoto gobe in na shiga lambu. Sai dai ku ma kun san sanyin bana ya fi na bara.